KARAYAR GWIWA: ABIN DA HOTON ƘASHI KE NUNAWA DA YADDA AKE SAMUN SAUƘI BAYAN AIKI

Gabatarwa

An shirya wannan ƙasida ne domin wayar da kan jama'ar Minna da kewayenta, da sauran al'ummar Jihar Neja, game da karayar gwiwa. Tun daga shekarar 1976 da aka kafa jihar, Minna ta zama hedkwatarta, garin sai bunƙasa yake yi, ababen hawa suna ta ƙaruwa. Hanyoyin da suka nufi Suleja da Bida da Kontagora ba sa rabuwa da manyan motoci dare da rana, cikin gari kuwa, daga Bosso zuwa Chanchaga, babura da kekuna masu ƙafa uku ne ke ta kai da kawowa. Duk inda babur ya faɗi, gwiwa na cikin gaɓɓan da suka fi shan wuya, domin ita ke fara isa ƙasa ko jikin mota. Ban da haɗarin hanya, akwai magini da kan faɗo daga kan gini, da yaro daga kan mangwaro, da matashi a filin ƙwallo, da tsohuwa da santsi kan kwashe a banɗaki.

Gwiwa kuwa ita ce jarin talaka. Da ita manomi ke sunkuyawa ya yi kunyar doya, da ita ake tsuguno, da ita Musulmi ke sujada, Kirista ke durƙuso a majami'a. Wanda gwiwarsa ta ƙage, ko ta karkace, ya rasa rabin ƙarfinsa na neman abinci. Saboda haka ya wajaba kowa ya san dalilin da ya sa likita ke neman hoto, da abin da yake dubawa a cikinsa, da kuma aikin da ya rataya a wuyan mara lafiya bayan an sallame shi.

Yadda Gwiwa Take

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi gwiwa. Akwai ƙarshen ƙashin cinya daga sama, akwai kan ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sa'an nan akwai ƙoƙon gwiwa daga gaba. Kan ƙashin ƙwauri shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, a kansa ƙashin cinya ke zaune, shi ke ɗauke da nauyin mutum duka. Fuskokin nan da ke gogar juna an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi, tsakaninsu kuma akwai wasu guringuntsi guda 2 masu siffar jinjirin wata, waɗanda ke aikin gammo. Jijiyoyi masu ƙarfi guda 4 ne ke ɗaure da gaɓar: 2 a ciki sun gitta juna, 2 a gefe da gefe.

A bayan gwiwa, dab da ƙashi, babbar jijiyar jini ta wuce zuwa ƙafa. A gefen waje kuma akwai jijiyar da ke ba mutum ikon ɗaga tafin ƙafarsa sama. Wannan ne ya sa karayar gwiwa ta bambanta da karayar tsakiyar ƙashi. Ƙashin da ya karye a tsakiya, ko ya ɗan goce kaɗan, yakan haɗe mutum ya ci gaba da harkarsa. Amma idan karaya ta shiga cikin gaɓa, fuskar da ya kamata ta zama sumul sai ta yi tudu da kwari, kowane taku kuma sai ta riƙa cin guringuntsi kamar yadda tsakuwa ke cin dutsen niƙa.

Abin Da Za A Yi Da Farko

Alamun karayar gwiwa su ne zafi mai tsanani, da kumburi cikin ɗan lokaci, da kasa taka ƙafa. Wanda ƙoƙon gwiwarsa ya rabe biyu ba zai iya ɗaga ƙafarsa a miƙe ba in yana kwance. In an ga haka, kada a ja ƙafar, kada a murza ta. A samo katako ko kwali mai kauri a sa gefe da gefe, tun daga cinya har idon sawu, a ɗaure sako-sako da ƙyalle. In akwai rauni a buɗe, a rufe shi da tsumma mai tsabta, kada a zuba toka ko ƙasa ko man juye. Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin mai yiwuwa ne a bukaci shiga da shi ɗakin tiyata. In a kan hanya abin ya faru, ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, a lamba 122.

A lura ƙwarai da tafin ƙafa. In ya yi sanyi, ko launinsa ya sāke, ko mutum ya daina jin yatsunsa, alama ce jini ba ya isa. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa cikin kimanin awa 6. Wannan ba abin jira gari ya waye ba ne.

Hotuna Iri Uku

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Kafin shekarar 1895 babu mai iya ganin ƙashin mai rai sai an tsaga. A watan Nuwamba na shekarar ne wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi. A kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1901. Shi ne hoton eksire, wanda jama'a ke kira hoton ƙashi.

1. Hoton eksire. Shi ne na farko, shi ya fi araha, shi aka fi samu. A ƙalla akan ɗauki guda 2, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, domin karayar da ta ɓuya ta wannan fuska takan bayyana ta waccan. Ƙashi yakan fito fari, karaya kuwa kamar baƙin layi. Wani lokaci ba a ganin layin, amma sai a ga maiƙon ɓargo yana yawo a kan jinin da ya taru a cikin gaɓa, kamar yadda mai ke tasowa a kan miya. Ganin haka kaɗai ya isa ya tabbatar wa likita cewa ƙashi ya tsage a wani wuri.

2. Hoton siti sikan. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera na'urar, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971. Tana ɗaukar gaɓa yanka-yanka kamar an yanyanka burodi, kwamfuta ta haɗa su. Ita ke nuna yawan gutsattsarin ƙashi, da inda kowanne yake, da zurfin inda fuskar gaɓa ta lotsa. Sau da yawa karayar da aka raina a eksire, sai wannan hoto ya nuna ta fi yadda ake zato.

3. Hoton maganaɗisu, wanda ake kira em-ar-ai. Wannan ba ya amfani da hasken eksire ko kaɗan. Shi ya fi nuna abubuwa masu laushi, watau jijiyoyi da guringuntsi, da tsagewar da ta yi ƙanƙanta har eksire ya kasa gani. Duk mai ƙarfe ko wata na'ura a jikinsa lalle ya faɗa kafin a shigar da shi.

Ba kowane asibiti ke da na'urori biyun ƙarshe ba, kuma ba kowace karaya ke bukatarsu ba. Likita ne zai faɗi wanda ya dace, ya kuma tura mutum inda ake yi.

Abin Da Likita Ke Dubawa Kafin Aiki

Idan likitan ƙashi ya ɗaga hoto, tambayoyi huɗu yake nema wa amsa. Shin karayar ta shiga cikin gaɓa? Gutsattsarin sun rabu da juna, ko suna nan a mazauninsu? Fuskar gaɓa ta lotsa, in ta lotsa da milimita nawa? Ƙafar tana nan a miƙe, ko ta karkata ta yi baka ko gwame?

A 1979 wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, Joseph Schatzker, ya kasa karayar kan ƙashin ƙwauri gida 6, har yau kuwa likitoci na amfani da wannan rabo. Uku na farko sun shafi gefen waje, na huɗu gefen ciki, na biyar gefe biyu duka, na shida kuwa shi ne wanda kan ƙashin ya rabu da sauran sandar ƙashin gaba ɗaya. Ukun ƙarshe galibi daga mummunan haɗari suke zuwa, su ne kuma suka fi zuwa da raunin tsoka da jijiyoyi.

Game da ƙoƙon gwiwa, in ya tsage amma bai rabu ba, mutum kuma yana iya ɗaga ƙafarsa a miƙe, filasta ko abin ɗaure gwiwa na kimanin mako 6 yakan wadatar. In kuwa ɓangarorin sun rabu da fiye da milimita 2 ko 3, ko mutum ya kasa ɗaga ƙafa, to sai aiki.

Aikin Da Ake Yi

Manufar aiki ita ce a mayar da fuskar gaɓa daidai, a miƙe ƙafa, a riƙe ƙashin da ƙarfe don mutum ya soma motsa gwiwarsa da wuri. Wannan hanya ta bunƙasa ne bayan da wasu likitoci a ƙasar Suwizalan suka kafa ƙungiyar nazarin ɗorin ƙashi da ƙarfe a 1958. A kan ƙashin ƙwauri da ƙashin cinya akan sa sillen ƙarfe mai huji-huji, a ɗaure shi da ƙusoshi masu murɗi. Inda ƙashi ya lotsa akan ɗago shi, a cike gurbin da ɗan ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun mutumin ko da wani abu mai maye gurbinsa. Ƙoƙon gwiwa kuwa galibi da waya ake ɗaure shi.

Wani lokaci likita yakan jinkirta aiki mako 1 ko 2 sai kumburi ya saɓe, ya riƙe ƙafar da wasu ƙarafa ta waje kafin nan. Kada dangi su ɗauki wannan a matsayin sakaci. Fatar da aka tsaga tana kumbure ba ta haɗewa da kyau, takan buɗe ƙarfe ya fito fili.

Hotunan Bayan Aiki

Akan ɗauki hoto da zarar an gama aiki, sa'an nan galibi a mako na 6, da mako na 12, da wata na 6, wani lokaci har bayan shekara. Kowane hoto ana gwada shi ne da wanda ya gabace shi. Don haka a adana su duka cikin ambulan ɗinsu, nesa da rana da laima, a zo da su kowace ranar ganin likita.

Alamu masu kyau su ne: baƙin layin karaya yana dusashewa, ƙarfe yana nan inda aka sa shi, fuskar gaɓa ba ta sake lotsawa ba, ƙafa tana miƙe. A wasu karayoyi akan ga sabon ƙashi kamar farin gajimare ya kewaye wurin, wannan shi ne ɗorin da jiki ke yi wa kansa. Inda aka matse ƙashi sosai da ƙarfe ba lalle ne a ga gajimaren ba, layin ne kawai zai ɓace sannu a hankali, wannan ma daidai ne.

Alamun da ke tayar wa likita hankali su ne: ƙusa ta ja baya ko ta karye, baƙin zobe ya kewaye ƙusa, wanda ke nuna ta yi sako-sako ko ƙwayoyin cuta sun shiga, fuskar gaɓa ta nutse, ko layin karaya yana nan ɓaro-ɓaro bayan wata 6 zuwa 9. Bayan shekaru kuma akan duba tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu. In ta ragu, guringuntsi ne ke cinyewa, watau amosanin gaɓa ya soma.

Hoto Daban, Mai Gwiwa Daban

Akwai wani abu da binciken likitoci na shekaru masu yawa ya tabbatar, wanda ya kamata mara lafiya ya sani. Kyan hoto da jin daɗin gwiwa ba kullum suke tafiya tare ba. Akan sami mutumin da hotonsa ya nuna ɗan tudu a fuskar gaɓa, ko alamar amosani, amma yana nomansa yana sallarsa ba tare da wata damuwa ba. Akan kuma sami wanda hotonsa ya yi kyau ƙwarai, ƙashi ya haɗe sarai, amma gwiwar ta ƙage, cinya ta tsotse, yana ɗingishi.

Dalili shi ne eksire ƙashi kaɗai yake nunawa. Ba ya nuna ƙarfin tsoka, ko tabon da ya manne a cikin gaɓa, ko tsoron da ke hana mutum lanƙwasa ƙafa. Abubuwan da aka ga sun fi tasiri a kan makomar gwiwa su ne miƙewar ƙafa, da rashin girgiɗin gaɓa, da lafiyar guringuntsin nan mai aikin gammo, da shekarun mutum da nauyinsa, da kuma naci a kan motsa jiki. Saboda haka likita ba ya tsayawa a kan hoto, sai ya sa mutum ya taka, ya lanƙwasa, ya tambaye shi abin da yake iya yi a gida da wurin sana'a. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin nan ba sa kaiwa ga bukatar a sauya musu gwiwa da ta roba da ƙarfe, ko da alamar amosani ta fito a hoto daga baya.

Matakan Samun Sauƙi

Mako 2 na farko. A ɗora ƙafa a kan matashi ta fi ƙirji tudu, a sa matashin ƙarƙashin sha-raɓa da dunduniya, kada a cusa shi ƙarƙashin gwiwa, domin yin haka kan sa ta ƙi miƙewa daga baya. A riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa, a riƙa ɗaure tsokar cinya ana saki. Kada ruwa ya taɓa ciwon. Akan cire zare wajen kwana 14.

Mako na 2 zuwa na 6. Nan ne aikin likitan gashi ke da muhimmanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gwiwa ma haka take. Galibi akan so ta lanƙwasu digiri 90, watau kamar zaman kujera, kafin mako na 6, sai dai in likita ya iyakance. Tafiya a fili tana bukatar kimanin digiri 60, hawa bene da tashi daga kujera kimanin 90, tsuguno da zaman tahiya kuwa sun haura 130. Wannan ya sa su ne na ƙarshen dawowa, wasu ma ba sa dawo musu cikakke.

Mako na 6 zuwa na 12. Mai karayar kan ƙashin ƙwauri ko ƙarshen ƙashin cinya galibi akan hana shi ɗora nauyi a kan ƙafar har mako 6 zuwa 12, sai da sanduna zai yi tafiya. Zafi yakan tafi tun kafin ƙashi ya yi ƙwari, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa su jefar da sanda. Ƙarfen da ke ciki an sa shi ne ya riƙe ƙashi wuri ɗaya, ba zai iya ɗaukar nauyin mutum shi kaɗai ba. Wanda ya taka kafin lokaci, fuskar gaɓar da aka sha wahalar ɗagowa sai ta sake nutsewa, kuɗi da wahala su tafi a banza. Hoto ne zai nuna lokacin ya yi, likita ne zai ba da izini.

Wata na 3 zuwa shekara. Akan bar sanda a hankali, a koma aiki marar nauyi. Noma da dako da hawan babur sai daga baya, da yardar likita. Ƙarfin cinya yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya kusa na da. Sannu ba ta hana zuwa.

A duk tsawon wannan lokaci a kula da abinci: wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, nono, zogale, da kifi, wanda Allah ya hore wa jihar a Shiroro da Kainji da kogin Kaduna. A bar taba, domin tana rage jinin da ke zuwa ƙashi, tana jinkirta haɗewarsa. Mai ciwon suga da mai sikila su bi maganinsu sosai, don su ciwo ya fi saurin ruɓar musu. A guji sayen ƙwayoyin kashe zafi irin su taramol a kasuwa ba da takardar likita ba. A tanadi kujerar bayan gida ko bokiti mai murfi mai tsayi. Game da salla, malamai sun bayyana cewa an yi wa mara lafiya rangwamen yinta a zaune.

Alamun Komawa Asibiti Nan Take

1. Zazzaɓi, ko ciwon ya yi ja, yana zafi, yana fitar da ruwa ko mugunya.
2. Zafin da ke ƙaruwa magani bai taɓa shi ba, sha-raɓa ta yi tauri kamar icce.
3. Kumburi da zafi a sha-raɓa bayan kwanaki, alamar jini ya daskare a jijiya. In numfashi ya soma sarƙewa ko ƙirji ya yi zafi, rai ne ke cikin haɗari.
4. Yatsu su mutu, ko mutum ya kasa ɗaga tafin ƙafa.
5. Jin wani abu ya ɓalle a gwiwa, ko ƙafa ta soma karkata.

Ɗorin Gargajiya

Masu ɗori sun daɗe suna yi wa jama'a hidima, suna kusa, kuɗinsu da sauƙi. Amma hannu, komai gwanintarsa, ba ya iya jin lotsawar milimita 3 a cikin gaɓa, balle ya ɗago ta. Karan ɗorin da aka ɗaure tamau a kan ƙafar da ke kumbura yakan tare jini, ƙafa ta ruɓe, a ƙarshe sai yankewa. Gwiwar da aka ɗaure watanni ba motsi kuwa takan sandare. Ƙashin da ya haɗe a karkace gyaransa ya fi aikin farko wuya da tsada. Muna kira ga masu ɗori da iyaye da masu unguwanni: duk raunin da ya shafi gwiwa, a fara da hoto. Yaro ma haka, domin kusa da gwiwa ne ƙashin ƙafa ya fi yin tsawo, in wurin ya lalace ƙafar takan gajarce ko ta karkace yayin da yake girma.

Tambayoyin Da Aka Saba Yi

Hasken hoto yana cutarwa? Abin da ke shiga jiki a hoton eksire na gwiwa kaɗan ne ƙwarai, bai kai wanda mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a yini guda ba. Duk da haka mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauka.

Ƙarfen zai yi tsatsa? A'a. Da baƙin ƙarfe marar tsatsa ko taitaniyam ake yinsa, ba ya kuma jawo tsawa kamar yadda wasu ke faɗi.

Dole ne a cire shi? Ba dole ba ne. In ba ya damun mutum akan bar shi har abada. Wayar ƙoƙon gwiwa ce aka fi cirewa saboda tana sukar fata wajen durƙuso, shi ma sai hoto ya tabbatar ƙashi ya haɗe, galibi bayan shekara.

Inda Za A Nemi Taimako

A Minna akwai Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na Ibrahim Badamasi Babangida. A Bida akwai asibitin Gwamnatin Tarayya. In aikin ya fi ƙarfin inda aka fara zuwa, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. A tafi da takardar turawa da dukan hotuna. Tun da aikin ƙashi yana cin kuɗi, ana shawartar magidanta su shiga tsarin inshorar lafiya, wanda dokar 2022 ta faɗaɗa domin ya game dukan 'yan ƙasa, su kuma tambayi abin da tsarin ya ƙunsa tun suna da lafiya.

Kammalawa

A kai mai raunin gwiwa asibiti da wuri. A yi hoto kafin a taɓa. A adana hotuna, a cika ranar komawa ko da an ji sauƙi. Kada a taka sai likita ya ce a taka, kada kuma a bar gwiwa ta kwanta ba motsi. Direbobi da masu babura su rage gudu, su daina lodin da ya wuce kima, domin rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan ƙasida ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.